Lamba Ɗari Uku da Ɗaya

A Yelwa ta Garwa, bayan shagon mai gyaran fanka,
ina da ɗaki, na manne bangonsa da kwalin ƙwai.
Nan Baba Sallau ya shigo bayan la'asar,
jitarsa cikin tsohon buhun auduga.
Ya ce, "Tanimu, an ce injinka ya haɗiye amfilifaya ɗari uku.
Sa shi ya tofo min tawa."

Na jona waya. Zufa na bin gwiwar hannuna.

Amo na farko tas yake, kamar ruwan randa da asuba.
Ya kaɗa tsirkiya sau biyu, ya taɓe baki:
"Wannan ɗan makaranta ne, bai taɓa kwana a filin biki ba."
Na sha bakwai yana gurnani
irin na dorina a ƙarƙashin gada.
Ya ce, "Faɗa na zo yi?"
Na arba'in da biyu kuwwa gare shi mai tsawo,
ka taɓa yau, ta dawo maka gobe.
Ya ce, "Ni ban taɓa kiɗa a cikin rijiya ba."

Sunayensu na garuruwan da ba mu je ba ne
da shekarun da ba a haife ni ba.
Ina jan linzami, jeri na gangarowa
kamar tireloli a hanyar Ngaundare.
Na ƙara kauri, na rage tsini,
ina murɗa maɓallan da ba su da jiki,
hoto ne kurum a bayan gilashi.

A na casa'in wuta ta ɗauke.

Muka zauna, shayi na hucewa a tsakaninmu,
sai ya ba ni labarin akwatinsa.
Baƙi ne, hannu na uku, daga kasuwar Mubi,
batirin mota yake ci.
Takardar lasifikar ta yage a wani suna a Pitowa,
marigayiya Lantana ta ɗinke ta da allura da zare,
ta shafe ɗinkin da jan farce.
Tun ranar, in ya danne tsirkiya ta uku
sai ɗan kaushi ya biyo bayan amon,
kamar mai magana da kuka a maƙoshi
wanda ya ƙi barinsa ya fito.
Shekara ashirin da shida.
Sai bara Binuwai ya shigo ɗaki ba sallama,
ya fita da akwatin a kafaɗa.

Da wuta ta dawo na daina neman mai kyau.
Na koma kan na takwas, matalaucin cikinsu,
na datse masa ƙasa, na barbaɗa ƙura kaɗan,
gwargwadon gishirin da ake sa wa kunu.
Ya saurara da kunnen hagu, na daman ya gaji.
"Ka kusa," in ji shi, "amma wannan yagewar
wanda ya yi ta bai ji ciwo ba."

Na leƙa shagon Bappa Yero.
Akwai matacciyar rediyo a ƙarƙashin benci,
ya ba ni lasifikarta a kan ɗari biyar.
Reza na sa mata, tsawon farcen babban yatsa.
Na bi da amon ta cikin raunin,
na kafa makirfo a bakinsa,
na kashe fanka, muka ɗauke numfashi.

Ya danne ta uku.
Ya tsaya.
Ya sake dannawa, a hankali, idonsa a kan kwalin ƙwai.
Babura suka wuce a waje, ban ƙirga ba.

"Ba ita ba ce," ya ce,
"amma 'yar ɗakinsu ce. Naɗa."

Muka naɗa har aka kira isha.
Da na zo adanawa, injin ya buɗe ɗan fili
yana neman suna.
Na ɗora yatsa a kan harafin farko na sunanta.
Ya riƙe hannuna.
"A'a. Rubuta Jan Farce.
Wanda ya sani ya sani."